Alice Ball da man da jiki ya ƙi karɓa

Masu yaɗa cewa Alice Ball ce ta gano maganin kuturta, ku gyara zance. Man chaulmoogra, wanda ake tatsa daga 'ya'yan wata bishiya, ya daɗe a hannun masu maganin kuturta a Indiya da Sin tun ɗaruruwan shekaru kafin a haife ta a Seattle a 1892. Abin da ta yi ya fi ganowa wuya: ta sa jiki ya karɓi maganin.

Ga inda gizo ke saƙa. In an shafa man, ba ya ratsa fata sosai. In an sha, tashin zuciya ya hana shi zama, amai ya dawo da shi. In an yi allurarsa kuwa, saboda kauri sai ya dunƙule a ƙarƙashin fata, ya tashi ƙulli mai zafi, maras lafiya ya gudu bai gama magani ba.

A 1915 ta kammala digiri na biyu a Kwalejin Hawaii, mace ta farko kuma baƙar fata ta farko da ta kai nan a makarantar, aka ba ta aji tana koyar da ilimin sinadarai. Dokta Harry Hollmann na Asibitin Kalihi ya kawo mata matsalar. Sai ta fasa man da sinadari mai kaifi, kusan yadda ruwan toka ke yi wa mai wajen haɗa sabulu, ta tsamo sinadaran da ke aikin, ta haɗa su da itanol, wato sinadarin barasa. Man ya tsinke, ya bi allura, jiki ya shanye shi. A zamanin da ake kwashe masu cutar a kai su Kalaupapa a tsibirin Molokai ba dawowa, an fara sallamar wasu daga Kalihi zuwa gida. Da wannan hanyar aka yi ta amfani har magungunan sulfone suka shigo bayan 1940.

Ba ta ga ko ɗaya ba. Ta rasu ranar 31 ga Disamba, 1916, tana da shekara 24, ba ta wallafa aikin ba. Arthur Dean, shugaban kwalejin, ya ɗora a kai, ya wallafa babu sunanta, har ake kiran hanyar da sunansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Hollmann ne ya rubuta a 1922 cewa hanyar ta Ball ce.

Sai a 2000 kwalejin, wadda ta zama Jami'ar Hawaii, ta kafa allon tunawa da ita a gindin bishiyar chaulmoogra da ke harabarta, jihar Hawaii kuma ta ware mata 29 ga Fabrairu, ranar da ke zuwa sau ɗaya a shekara huɗu.