Wa Zai Shayar da Dashen Bayan An Tashi Daga Biki?

Ina zaune a wani ƙaramin gari da ke gefen birnin Paris ta kudu, irin garuruwan da mutanensu ke kwana a cikinsu su kama jirgin ƙasa zuwa aiki da sassafe, kuma duk lokacin da hira ta haɗa ni da 'yan'uwa mutanen Marwa ko Garwa, a arewacin Kamaru, a kan yadda ake kula da muhalli a nan, amsar da ake ba ni ba ta wuce ɗaya: ai su masu kuɗi ne, kuma Allah ya ba su ruwan sama. Gaskiya ne suna da kuɗi, kuma ƙasarsu ba ta san rani na wata bakwai ba. Sai dai na lura da wani bambanci wanda ya fi waɗannan biyun tasiri, wanda kuma ba ya bukatar dukiyar Faransa kafin a yi koyi da shi. A nan, duk bishiyar da aka dasa a bakin titi tana da wanda za a tuhuma idan ta mutu. A wurinmu kuwa, da zarar manyan baƙi sun shiga motocinsu, dashen ya zama maraya.

Yadda abin yake tafiya a nan ba wani sirri ba ne. Idan hukumar gari ta ba ɗan kwangila aikin dashe, akan rubuta a cikin yarjejeniya cewa shi zai ci gaba da shayar da itatuwan, kuma duk wadda ta bushe a shekara ɗaya ko biyu na farko zai maye gurbinta da kuɗin aljihunsa. Saboda haka ba ya haƙa ramin ganin dama, ba ya kawo dashen da jijiyarsa ta riga ta wahala, kuma yakan kafa wa kowace bishiya turaku ya ɗaure ta don kada iska ta karya ta. Idan zafi ya tsananta a watan Yuli da Agusta, za ka ga motar ruwa tana bin su ɗaya bayan ɗaya, wasu ma an naɗe musu jakar ruwa a gindi wadda ke tsiyaya a hankali. Tun 2016 dokar ƙasar ta ba jerin itatuwan bakin hanya kariya ta musamman, ta yadda ba a sare su haka kawai don wani yana son faɗaɗa ƙofar gidansa. Ba su kai ga wannan tunani a banza ba. Tsananin zafin 2003 ya kashe mutane kusan 15,000 a Faransa, yawancinsu tsofaffi, kuma tun daga lokacin aka fara kallon inuwa a matsayin maganar lafiya da rai.

Sauran matakan duk wannan hanyar suke bi. Daga farkon 2017 an hana hukumomin garuruwa fesa maganin kashe ciyawa a lambunan shaƙatawa, a 2019 aka hana masu gidaje, don haka ma'aikata suka koma ga fartanya da hannu, wasu garuruwan ma suka kawo tumaki su yi kiwo a filayen da da ake bi da inji. Daga farkon 2024 doka ta ɗora wa hukumomin gari nauyin samar wa mazauna hanyar ware ragowar abinci daga sauran shara, kuma akwatunan yin taki da ake ajiyewa a unguwanni kowannensu yana da mutum ko biyu daga cikin maƙwabta da suka ɗauki amanar juya shi da lura da abin da ake zubawa. Inda aka rasa irin waɗannan mutane, akwatin yakan yi wari a ƙaurace masa, duk kuwa da arzikin garin.

Ban rubuta wannan don raina abin da muke da shi ba. Duk wanda ya taɓa shiga Marwa da tsakar rana a watan Afrilu ya san darajar dogon yaron da ya yi wa titunanta rumfa, daga unguwar Domayo har Kakatare, kuma ya san cewa da babu shi da kasuwanci da zaman majalisa da karatun allo a waje ba za su yiwu ba a irin wannan zafi da ke haura digiri 40. Itacen nan ba ɗan ƙasa ba ne, asalinsa daga yankin Indiya yake, amma waɗanda suka gabace mu sun dasa shi, sun kare shi daga awaki, sun yi ta ɗauko masa ruwa har ya kafu. Inuwar da muke sha yau wahalar wasu ce. Abin da ke damuna shi ne, idan ka fita sababbin unguwannin da gari ya miƙe zuwa gare su, sai ka tarar da katanga da kwano da rana tsirara, alhali ba a daina bikin dashe ba ko shekara ɗaya.

An fara shirin dashen itatuwa na Sahel Vert a shekarun 1970 zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo, aka sake farfaɗo da shi a 2008, kuma babu mai musun cewa an dasa itatuwa masu ɗimbin yawa a ƙarƙashinsa, wasu wuraren ma sun zama kurmi. Matsalar tana cikin abin da muke ƙirgawa. Ana dashe a tsakiyar damina lokacin da ƙasa ke jiƙe kuma komai ya yi kore, a faɗi adadin da aka dasa a rediyo, a ɗauki hoto. Daga Oktoba ruwa ya ɗauke, hunturu ya zo da busasshiyar iska, dabbobi su rasa ciyawa su koma kan duk wani ɗanyen ganye, sannan bazara ta zo ta ƙarasa abin da ya saura. Ranar dashe kamar ranar suna ce, ana yanka rago a tara jama'a, amma rainon ɗan yana farawa ne bayan an watse. Mu mun ƙware a taron, kuma ba kasafai ake jin wanda ya koma a watan Mayu ya ƙirga waɗanda suka rayu ya faɗa wa jama'a ba.

Abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa shi ne cewa an riga an gwada ɗaya hanyar a ƙasarmu, kuma ta yi aiki. A shekarun 1990, wani shirin raya karkara da ke aiki tare da kamfanin auduga na Sodecoton ya riƙa ba manoma ɗan tukuici a kan kowane ƙaramin gawo da suka bari ya girma a gonarsu, ana sa masa alama da fenti, ana kuma raba biyan a kan shekaru don a tabbatar itacen yana raye. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma an biya su ne a kan rayuwar itacen, kuma manomi ya san gawon nasa ne. Kowane manomi ya san halin gawo: yana zubar da ganye da damina ya bar wa dawa hasken rana, ya yi kore da rani ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, ƙasar da ke ƙarƙashinsa kuma ta fi ko'ina albarka. A kudancin Nijar, musamman jihohin Maradi da Damagaram, tun daga farkon shekarun 1980 manoma suka koma sassabe na hikima, suna barin tohon kututture suna gyara shi maimakon ƙone shi, har aka ƙiyasta cewa sun farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin kadada miliyan 5. Mafi yawan itatuwan nan ba a dasa su ba sam. An dai bar wa mai gona ikon amfana da abin da ya raina, sai ya raina shi.

Ko a sansanin 'yan gudun hijira na Minawao da ke kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a 2013 kuma neman itacen girki ya share dajin da ke kewaye da shi cikin 'yan shekaru, an samu nasarar mayar da itatuwa ne domin an yi tunanin rani tun kafin a dasa. An riƙa binne wani mazubin ruwa na kwali a kewayen dashen wanda ke shayar da shi sannu a hankali, an kafa wuraren rainon dashe a cikin sansanin, an kuma koya wa mata yin gawayi daga ragowar amfanin gona. Mutanen da suka baro gidajensu ba tare da komai ba ne suka yi wannan aiki.

Maganar gawayin nan ita ce inda kwatanci da Faransa yake tsayawa, kuma ya kamata a faɗe ta da adalci. Maƙwabcina a nan bai taɓa tsayawa yana zaɓi tsakanin bishiya da tuwon dare ba, domin gas da wutar lantarki suna zuwa masa har kicin. Uwar gida a Marwa ko Kusuri da ke sayen itace ƙulli-ƙulli ba maƙiyiyar daji ba ce, abin da aljihunta zai iya ke nan. Cadi ta gwada hanyar tsanani a ƙarshen 2008 da farkon 2009 lokacin da ta hana gawayi, kuma mutanen Njamena ba su manta da wahalar da suka sha ba, har aka koma hura wuta da kashin shanu da ƙwallon goruba, kafin tallafin gas ya fara sauƙaƙa lamarin. Niyyar tana da kyau, amma hani ya riga madadi isowa. Duk shirin dashen da bai zo da murhu mai tsimin itace ba, ko gas mai sauƙin kuɗi, ko gandun da aka ware musamman don a riƙa sara ana mayarwa, to talauci ne zai cinye shi, kuma ba daidai ba ne a ɗora laifin a kan matan da ke girki.

Haka zancen leda yake. Kamaru ta hana siraran ledoji tun 2014, shekara biyu kafin Faransa ta hana su a wurin biyan kuɗi a kantuna, amma har yau su ne ke toshe magudanan ruwa, su ne kuma mahauta ke tararwa a cikin tumbin awaki da shanu. Dokar tana nan a takarda, abin da babu shi ne wanda aka ɗora wa alhakin wannan layin ko wancan lambatun.

Kusa da inda nake akwai wani ƙaramin kogi mai suna Bièvre, wanda majemai da masu rini suka ƙazantar da shi har aka rufe shi ƙarƙashin ƙasa a cikin Paris a farkon ƙarni na 20. Yanzu ana kashe maƙudan kuɗi ana sake buɗe shi yanki-yanki, kamar yadda aka yi a L'Haÿ-les-Roses a 2016, domin an gane cewa rafin da ke da gaɓa da ciyayi yana sanyaya unguwa kuma yana rage ambaliya. Mu kogunanmu na Marwa, Mayo Kaliyawo da Mayo Tsanaga, suna nan a buɗe, ba mu kai ga kuskuren da su suke gyarawa ba tukuna, amma muna mayar da su juji da rani, muna kwashe yashinsu, muna gini har bakin gaɓa. Idan damina ta yi ƙarfi ruwan ba ya shawara da kowa, kuma wanda ya ga yadda gadar Palar ta karye a daminar 2020 ya san ƙarfinsa. Itatuwan bakin gaɓa su ne ke riƙe ƙasa, don haka nan ne ya fi cancanta a fara ba kowane dashe mai kula da shi.

Ba ma bukatar jiran Yawunde kafin a fara. Dokar ba ƙananan hukumomi iko ta 2019 ta sa tsabtar gari da dashe cikin ayyukan magadan gari, kuma Marwa tana da ƙananan hukumomi uku ban da magajin babban birni. Kowannensu zai iya rubuta sharaɗin maye gurbi a cikin kwangilar dashe, ya riƙe wani kaso na kuɗin har sai itatuwan sun ga damina ta biyu. A ƙarƙashinsu akwai lawanai da jaurawa da masu unguwanni waɗanda suka san kowane gida, kuma su ne za su iya cewa wannan bishiyar ta gidan wane ce, waccan ta masu shayin bakin tasha ce, ta ƙofar masallaci kuma ladan zai riƙa juye mata ruwan alwala. Malamanmu suna yawan karanto hadisin da ke cewa duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, ya zama masa sadaka. Samun wannan lada yana rataye ne da cin amfanin itacen, kuma ba a cin amfanin dashen da ya bushe a watan Maris.

Mu da ke zaune a waje muna da namu kason. Ƙungiyoyinmu sukan tara kuɗi a aika gida a sayi dashe dubu don a ga hoto a WhatsApp, alhali da an sayi ɗari biyu kawai, sauran kuɗin sun isa a yi wa kowanne shingen ƙaya ko na bulo, a sayi kura da jarkoki, a kuma biya matasa biyu albashin shayarwa daga Nuwamba zuwa Yuni har shekara biyu. Shawarar da zan kai taron ƙungiyarmu na gaba ita ce kada a saki kason ƙarshe na kuɗin sai an aiko da ƙidayar itatuwan da ke raye a ƙarshen watan Mayu, layi-layi, tare da sunan gidan da ke kula da kowanne.