Ranar da kwalba ta rama

Tun ina firamare nake buɗe kwalbar lemo da haƙori, har ina tinƙaho da abin. A ɗakin kwananmu na makarantar koyon aikin jinya ba a neman mabuɗi in ina nan, ni ake miƙo wa. To, daren wata Lahadi cikin hunturu na cafki marfi kamar kullum, sai na ji ƙas! Marfi yana nan daram, rabin haƙorina na gaba yana tafin hannuna.

In iska ta taɓa wurin sai in ji tsam har ƙwaƙwalwa, amma ba shi ya hana ni barci ba. Washegari ni ce zan yi wa masu awon ciki bayani a asibitin da aka tura mu cikin Birnin Kebbi, kuma maki za a ba ni. Darasin da ya faɗo kaina kuwa tsaftar baki ne.

Sistar da ke kula da mu ba ta wasa da shiga. Kowace safiya sai ta jera mu ta duba: farar riga ta sha guga, farce a yanke, takalmi ba ƙura. Allah ya taimake ni ba ta taɓa cewa a buɗe baki ba. Na ɗaura takunkumi tun daga ɗaki, na ce mura nake yi.

Na tsaya gaban mata sun kai talatin, na fara da ƙwarin gwiwa: babban mutum haƙora 32 gare shi, mai juna biyu dasashinta kan kumbura ya yi jini, don haka kada a yi sakaci. Sai wata tsohuwa da ta rako jikarta ta ɗaga hannu.

"Ɗiyata, ba mu jin ki. Hidda tsumman ga."

Na dubi Sista. Ta gyaɗa kai.

Wanda bai taɓa yin giɓi ba bai san harafin "s" da haƙoran gaba yake fita ba. Ni kuma jimlar da ta rage mini ita ce a yi asuwaki sau biyu, safe da dare. Kowace kalma da fitonta ta fito, har wani yaro a bayan uwarsa ya shiga waige-waige yana neman tsuntsu.

"Malama, wushirya ta ko giɓi?" in ji wata daga baya.

Nan fa shaiɗan ya ba ni shawara. Na ce tsakuwa ce na tauna cikin shinkafa.

Ashe gara in faɗi gaskiya. A Kebbi ka zagi shinkafa? Wata mai tsohon ciki ta miƙe da ƙyar, hannu a ƙugu, ta ce ita mutuniyar Argungu ce, a fadama aka haife ta, ita ke turara shinkafa ta sayar, in faɗa mata wurin wa na saya. Sauran suka ɗauka, asibiti ya koma kasuwa. Sista ta bari sai da na jiƙe da gumi cikin sanyin nan, sannan ta ce a hankali, "Karanta musu abu na huɗu a takardarki."

Da rubutun hannuna: kada a buɗe kwalba da haƙori. Ashe labari ya riga ni isowa.

Tsohuwar nan dai ta tausaya mini, ta kwance bakin zanenta ta ba ni kanumfari in danna a wurin. Ya ɗan kashe zafin kafin likitan haƙori ya yi mini ciko mai kalar haƙori, wanda ya cinye kuɗin abincina na wata.

Ranar awo na gaba sai ga mutuniyar Argungu da kwanon shinkafa. Ta dire shi gabana ta ce in tsince tana kallo, in na sami tsakuwa ko ɗaya ita za ta biya kuɗin cikon. Har aka kira azahar ina tonawa.