Sanyin da rediyo ke faɗa ba shi ne na ƙofar gidanka ba

Da asubar watan Janairu rediyo zai ce sanyin Landan ya sauka zuwa digiri 3. Wanda ke zaune a bene kusa da tashar jirgin King's Cross zai fito ya tarar da titi a jiƙe kawai, ya ja zif ɗin rigarsa ya wuce. Wanda ke bayan gari wajen Rickmansworth kuwa zai tarar gilashin motarsa ya yi fari fat, ciyawar ƙofar gida tana ƙaras-ƙaras in an taka, sai ya kankare gilashi kafin ya tada mota. Dukansu biyu sun ji labari ɗaya, kuma mai karanta labarin bai yi ƙarya ba. Lambar da ya faɗa ta wani fili ce guda ɗaya inda aka kafa ma'auni. Ta waya ma ba a ƙofarka aka auno ta ba, ƙiyasin kwamfuta ne na yanki guda.

Ra'ayina shi ne duk mai gida a bayan gari, ko mai lambu, ko mai fita aiki da mota kafin fitowar rana, ya kamata ya riƙa auna sanyin darensa da kansa yana rubutawa. Kuma mu 'yan arewa da muke zaune a nan, wannan ɗabi'a tana cikin abubuwan da suka cancanci mu kai gida, don can ma hunturu ba ya raba sanyi daidai tsakanin Sabon Gari da fadamar Kadawa.

Ga yadda hukuma ke aunawa a nan. Ofishin hasashen yanayi na Birtaniya, Met Office, yana ajiye ma'auninsa cikin wani farin akwati mai tsaga-tsaga a jiki, wanda iska ke ratsawa amma rana da ruwa ba sa shiga, a tsayin mita 1.25 daga ƙasa, bisa gajeriyar ciyawa. Sunan akwatin daga Thomas Stevenson ne, injiniya ɗan Sikotilan da ya tsara shi a 1864. Ana rufe lissafin yini da ƙarfe 9 na safe agogon GMT, a ɗauki lamba mafi ƙanƙanta cikin awa 24 da suka wuce. Akwai kuma wani ma'auni daban da ake kwantarwa a bakin ciyawa, shi ke nuna ko ƙasa ta daskare. A daren da sama ta washe, na ciyawar kan nuna ƙasa da sifili alhali na akwatin yana kan digiri 3 ko 4. Abin da ya sa motoci da yawa ke kunna alamar ƙanƙara tun ma'auninsu yana digiri 3 ko 4 ke nan.

To ina filayen suke? Akwai St James's Park a tsakiyar birni, dab da fadar Buckingham. Akwai lambun Kew, akwai Northolt, akwai filin jirgin Heathrow da ke sama da kilomita 20 yamma da tsakiyar gari. Kowanne da halinsa. A daren da ba iska ba gajimare, ba abin mamaki ba ne St James's Park ya fi karkarar da ke kewaye ɗumi da digiri 4 ko 5. Wannan ba sabon sani ba ne: Luke Howard, wani mai haɗa magunguna da ya ɗauki duban sararin sama abin yi, tun farkon ƙarni na 19 ya gwada lambobinsa na bayan gari da na cikin birni, ya gano daren Landan ya fi na ƙauye ɗumi.

Dalilin yana da sauƙin ganewa ga duk wanda ya taɓa kwana a tsakar gida cikin ɗari. Da rana ta faɗi ƙasa takan fara sakin zafinta zuwa sama. In akwai gajimare, sai ya zama mata bargo ya mayar da wani ɓangare. In akwai iska, sai ta cakuɗa sanyin ƙasa da ɗumin da ke sama kaɗan. In babu ko ɗaya, ƙasa ta yi ta zubar da zafi har gari ya waye, kuma a watan Disamba daren Landan yana kai awa 16. Shi ya sa sanyi ba ya kai maƙura da tsakar dare, sai wajen fitowar rana. A cikin birni dogayen gine-gine suna tare fuskar sama, titi yana kallon bango, bango yana kallon titi, zafin yana kai-komo a tsakaninsu. Ga bulo da kwalta da suka sha ɗan abin da rana ta bayar, ga miliyoyin gidaje da tsofaffin tagoginsu ke yoyon ɗumi duk dare, ga motoci. A lokacin sanyi, da rana ba ta da ƙarfi, wannan yoyon gidajen ba ƙaramar rawa yake takawa ba.

Sai kuma abin da masu sayen gida ba sa tambaya: iska mai sanyi ta fi nauyi, tana gangarowa kamar ruwa ta taru a kwari. Rickmansworth ta yi suna a kan haka, domin akwai wani kwari a can da tudun da aka cike don layin dogo ya datse masa baki, sanyi ya gangaro ya rasa hanyar fita ya kwanta. Benson a Oxfordshire, da ke gindin tsaunukan Chiltern, sau da yawa ita ke fin ko'ina sanyi a kudancin Ingila. Santon Downham a Suffolk kuma rairayi ne ke jawo mata, don ƙasa mai yashi ba ta riƙe zafi. Bakano ko Bazazzagi ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan, ya san jigawa da fadama ba sa kwana da sanyi ɗaya da cikin ganuwa. A unguwa guda ma, gidan da ke ƙasan gangare da wanda ke saman tudu suna iya bambanta da digiri 2 ko 3 a irin wannan dare.

Wani zai ce digiri 3 me zai yi? A nan shi ne tsakanin ruwa da ƙanƙara. Ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ya tsaga bututu a saman silin ko a famfon waje, kuma ba za a gane ba sai ya narke. Tukunyar ɗumama gida ta zamani tana da wani siririn bututun roba da ke fitar da ruwan tururi zuwa waje. In mai kaurin milimita 22 aka sa kuma ba a naɗe shi ba, shi ne farkon daskarewa, tukunyar ta kashe kanta a daren da aka fi buƙatarta. Haka ya faru a gidaje masu yawa a sanyin ƙarshen Fabrairun 2018. Maganinsa na dindindin bututu mai milimita 32 da aka naɗe, na gaggawa kuma a zuba masa ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, don tafasasshe yana iya fasa robar.

Har kuɗi ma yana rataye a kan lambar. Gwamnati na biyan wasu masu karɓar tallafi fam 25 duk lokacin da matsakaicin yanayi ya tsaya a sifili ko ƙasa da haka kwana 7 a jere, daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris. Amma kowace unguwa an ɗaure ta ne da wata tashar awo. Tsohuwar da ke kwana a kwari, in tasharta tana wuri mai ɗumi, za ta sha sanyin ta rasa kuɗin. Wannan a ganina gurguwar hanya ce a ƙasar da ke da ma'aunai ko'ina.

Yadda ake aunawa a gida ba wuya, amma akwai kurakurai uku da kusan kowa ke faɗawa. Na farko rataye ma'auni a jikin bango ko bakin taga. Bango yana fitar da ɗumin ɗaki, sai lambar ta haura da digiri 1 ko 2, musamman in kusa da bakin hayaƙin tukunya ne ko ramin fankar kicin. Na biyu kishiyar wannan: a bar shi tsirara a tsakiyar fili yana kallon sama. Shi ma sai ya riƙa zubar da nasa zafin kamar gilashin mota, ya nuna sanyin da ya wuce na iska, in kuma raɓa ta jiƙa shi abin ya ƙaru. Na uku batir. Batir na yau da kullum yana yin rauni cikin tsananin sanyi, saƙon da ma'aunin waje ke aikowa cikin gida ya yanke da asuba, daidai lokacin da ake neman lambar. A sa na litiyam a ɓangaren da ke waje.

A sayi ma'auni mai ajiye lamba mafi ƙanƙanta da mafi girma. Kafin a kai shi waje a gwada gaskiyarsa: a cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara, a zuba ruwan sanyi kaɗan, a motsa, a tsoma bakin ma'aunin a tsakiya ba tare da ya taɓa gindin kofin ba, a jira minti 5. Ya kamata ya nuna sifili. In ya nuna 0.6, to kullum a cire 0.6 daga abin da ya faɗa. Ma'aunin da ba ya son ruwa a ƙulle shi cikin leda, a ƙara masa lokaci. Rumfarsa kuma ana iya haɗa ta da fararen farantan roba 6, a kife su ɗaya bisa ɗaya a kan dogayen kusoshi 3 masu noti, da tazarar santimita 2 tsakanin kowanne, a huda tsakiyar na ƙasa guda 4 inda ma'aunin zai zauna, a bar na sama biyu a rufe. A kafa a kan sanda, mita 1.25 zuwa 1.5, bisa ciyawa, nesa da gida gwargwadon yadda fili ya ba da dama.

Kowace safiya da ƙarfe 9, a rubuta lambar, a rubuta ko daren ya yi gajimare, ko ya yi iska, ko ciyawa ta yi fari, sannan a goge lambar don gobe. A ajiye ta tasha mafi kusa a gefe. Bayan dare 30 sai a raba su gida biyu. A darukan gajimare da iska, lambarka da ta tasha su zo kusan ɗaya. In suna bambanta da digiri 2 a irin waɗannan darukan, ma'auninka ne ko inda ka kafa shi ke da matsala. Darukan da sama ta washe iska ta kwanta su ne za su faɗa maka halin gidanka. Daga nan in an ce gobe digiri 2, kai ka san naka ƙasa da sifili ne, ka rufe famfon waje tun da yamma.

Idan aka juya gida, lissafin ya sha bamban. A Heathrow cikin Janairu rana kan tsaya wajen digiri 8, dare wajen 2 ko 3, tazara ƙarama. A Kano kuwa cikin wata ɗaya ɗin nan rana tana kusan 30, asuba tana saukowa wajen 13, wani lokaci ƙasa da 10. Busasshiyar iskar hunturu ba ta da danshin da zai riƙe zafi, sai ƙasa ta huce da sauri da zarar rana ta faɗi. Jos da ke tsayin kusan mita 1,200 ta fi haka. Ba bututu ke fashewa a can ba. Abin da ke cikin haɗari jariri ne, da tsoho mai tarin asma, da almajirin da ke kwana a shago, da 'yan tsakin da ke buƙatar digiri 32 zuwa 35 a makonsu na farko, waɗanda kan cunkushe a lungu su danne juna in zafin ya faɗi da asuba. Ga kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa da taga, iskarsa ba ta wari amma tana kisa. Ɗakin kwano marar silin yana bin sanyin waje kusan taki-taki, soron ƙasa mai kaurin bango yana riƙe ɗumin rana har safiya. Kakanninmu sun san wannan ba tare da ma'auni ba.

Amma lambar da hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, ke bayarwa ta Kano an fi danganta ta da filin jirgin Malam Aminu Kano, wanda da can bayan gari ne, yanzu gari ya zagaye shi. Manomin alkama a Kadawa ko Haɗejia, wanda amfaninsa ya dogara da sanyin dare, shi ya sa ake matsa masa ya yi shuka a tsakiyar Nuwamba, lambar filin jirgi ba ta faɗa masa yadda gonarsa ta kwana. Makarantar sakandare ɗaya a kowace ƙaramar hukuma da ma'auni ɗaya da littafi mai layi za su tara abin da babu wanda ke da shi yanzu. Farantan roba akwai su a kowace kasuwa.

Sai dai a can matsalar ma'aunin daban ce. Ƙurar hazo tana mayar da farin faranti ja cikin kwanaki kaɗan, in ya yi duhu kuma yana shan rana, lambar yamma ta lalace, don haka a goge shi duk mako. Kada a kafa shi kusa da rufin kwano, ko daɓen siminti, ko inda ake tada janareta, ko murhu. Ciyawa ba ta samuwa da rani, to a nemi fili mai ƙasa zalla kuma a rubuta hakan a littafin. Ƙarfe 9 na safe a agogon GMT ƙarfe 10 ne a Najeriya da Nijar, lokacin rana ta riga ta yi sama, amma tun da ma'aunin yana ajiye lambar asuba, babu asara, muddin dai lokaci ɗaya ake dubawa kullum kuma ba a manta an goge ta jiya ba.