Yawan siminti ba ya hana daɓen tsakar gida lalacewa

Akwai maganar da ke damuna a bakin mutanenmu na Garwa da Marwa masu gini a Duwala ko Kiribi: wai tunda can ruwan sama ya yi yawa, a ƙara siminti a kwaɓi, shi ke nan daɓe ya tsira. Tunanin yana da tushe, domin kwaɓin da aka yi wa rowar siminti rugurgujewa yake yi. Amma buhu 7 masu kilo 50 sun ishi kubik mita ɗaya na kankare. Abin da ya haura haka yana ƙara tsukewa wajen bushewa, sai tsagewa ta biyo baya.

Abin da ke kashe daɓe a bakin teku shi ne ruwan da ya kwanta da kuma gishiri. A ɗauki daɓe mai tsawon mita 4: gefen ɗaki ya fi gefen magudana tudu da santimita 8, wato 2 a kowace mita. In babu wannan gangare, ruwa ya taru, gansakuka ta fito, wuri ya yi santsi. A ƙasa a zuba tsakuwa mai kaurin santimita 10 a danne ta sosai, a shimfiɗa leda mai kauri, sannan a zuba kankare santimita 10, a yanka layi a jikinsa kowace mita 3 domin in zai tsage ya bi layin.

Yashin teku kuwa a guje shi. Gishirinsa na sa rodi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta fasa kankaren daga ciki. Kuma ko iska na da laima, a riƙa jiƙa daɓen har kwana 7.