Onorabul, ginin mun gani, ina ungozomar?

Ƙarfe ɗayan dare ta gota lokacin da naƙuda ta kama matar ƙanena. Muka sa ta a A-daidaita-sahun maƙwabci, ni da Yaya Babba, muka nufi asibitin mazaɓarmu. Gini ne sabo fil, fenti kore da fari, ga ƙaton allo a bakin ƙofa an rangaɗa sunan onorabul da manyan baƙaƙe. Ciki kuwa duhu dunɗum. Batirin sola ya mutu tun kafin azumi, janareta ba mai. Mutum ɗaya muka tarar, wata yarinya da ta gama makarantar koyon aikin lafiya, 'yar sa-kai ce, ko albashi ba ta da shi. Ta miƙa wa Yaya wayarta ta ce, "Mama, riƙe ki haska min." Ni kuma ta yago takarda ta rubuto min safar hannu, auduga, ledar ƙarin ruwa da allurar tsayar da jini, ta ce, "Baba, a yi sauri don Allah." Sai da na buga ƙofar kemis uku kafin wani bawan Allah ya buɗe min yana muttsike ido.

Allah ya sauke ta lafiya, an samu namiji. Amma ina zaune kan bencin nan ina kallon allon onorabul, kunya ce ta kama ni, domin ranar da aka yanke ƙyallen buɗe asibitin ina cikin masu tafi. Har hoto na ɗauka na ɗora a nan Facebook, na rubuta "aiki sai mai shi".

Mu yi wa kanmu adalci: mu ne muka koya wa 'yan majalisa cewa gini muke so. Gini ana ganinsa, ana ɗaukar hotonsa, yana cin kwangila. Albashin ungozoma kuwa ba a yanka masa ƙyalle. Shi ya sa duk shekara ayyukan mazaɓu suke zuwa da bulo da kwano, ko kuma a kafa rumfa kwana biyu a raba tabarau da maganin tsutsar ciki, maroƙa su yi kirari, a watse. Ban ce rumfar ba ta amfanar kowa ba, na san tsohon da aka cire wa yanar ido a irin wannan taro yana ta sa albarka har gobe. Sai dai mai naƙudar tsakar dare ba za ta jira rumfar baɗi ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne kuɗin kula da irin wannan asibiti akwai shi a doka, ba alfarma ba ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ma'aikata ke kira BHCPF. Ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin da ke shiga babban asusun gwamnatin tarayya. Har rabon ta yi: rabi na biyan kuɗin jinyar talaka ta hanyar inshorar lafiya, kashi 20 na magani da rigakafi da kayan aiki irin waɗanda aka aike ni nema, kashi 15 na gyaran gini da na'urori da sufuri, kashi 10 na ma'aikata, kashi 5 na agajin gaggawa. Jihohi da ƙananan hukumomi kuma doka ta ce su kawo nasu kason kafin su ci moriya.

To dokar nan shekara huɗu ta yi kwance a takarda. Sai a kasafin 2018 aka fara sa mata kuɗi, kusan naira biliyan 55, kuma Majalisar Tarayya ce ta cusa shi bayan ƙungiyoyin likitoci da na farar hula sun yi ta naci. Wannan shi ne aikin ɗan majalisa na haƙiƙa, kuma na faɗe shi ne don kada a ce ban taɓa ganin alherinsu ba. Layi ɗaya da suka ƙara a kasafi ya fi asibitocin allo ɗari amfani.

Amma fa tsakanin "an ware" da "an saki" akwai tafiyar kwana da kwanaki. Duk Disamba za ka ji an ware wa lafiya kaza. Tun Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 na kasafinsu. Gwamnatin tarayya da ta karɓi baƙuncin taron yawanci a kusa da kashi 5 take yawo. Wasu jihohinmu, har da Kano, sukan sanar cewa sun kai 15 ɗin ko sun haura, kuma abin a yaba ne. Tambayar da ba ma yi ita ce: zuwa ƙarshen shekara nawa ne ya fita daga baitulmali ya isa hannun mai kula da asibitin ƙauye? Kasafi niyya ce kawai. Rahoton yadda aka aiwatar da shi, wanda jihohi ke wallafawa duk wata uku, nan gaskiyar take, kuma na rantse da wuya ka samu mutum biyar a unguwarku da suka taɓa buɗe shi. Ni ma sai bayan wancan daren.

Wani abokina ɗan siyasa ya ce min, "Malam, kai ba ka san talaka ba. In ka ce masa ka yi faɗa a kwamiti an saki kuɗi, cewa zai yi me ka kawo mana?" Da gaskiyarsa ta wani ɓangare. Amma talakan nan da ake rainawa shi ne ya daɗe yana tambayar masu allurar shan-inna: me ya sa wannan kuke biyo mu da ita har ɗaki kyauta, amma in yaro na zazzaɓi sai mun sayi magani? Tambayar kasafi ce tsantsa, ko da bai kira ta da wannan suna ba. Yaƙi da shan-inna ya samu kuɗi a kan kari, da motoci, da masu bin diddigi, har aka kai ga ayyana Najeriya ta rabu da ainihin cutar a Agustan 2020. Rigakafin yau da kullum da ake yi a asibitin unguwa bai samu wannan gata ba. Da mashaƙo ya ɓarke daga ƙarshen 2022, Kano ce ta fi kowace jiha ɗanɗana kuɗa, kuma yawancin yaran da ya kama ba su cika allurarsu ba. Cuta ce da rigakafinta ya girme ni.

Sannan ga darasin Janairun 2025, da gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin Amurka na ƙasashen waje. Nan da nan aka ga yawan abin da muka jingina wa baƙi: maganin masu cutar ƙanjamau, gwajin tarin fuka, abincin yara masu tamowa. Majalisar Tarayyarmu ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin shekarar don toshe giɓin. Ashe in an so ana iyawa. Abin tambaya, me ya sa sai da mai ba da kyauta ya janye hannu aka tuna cewa majinyatan namu ne?

A jiha ma akwai tanadi. Kano tana da KHETFUND, asusun amintattu na lafiya da aka kafa da doka a 2017, tana kuma da hukumar taimakekeniyar lafiya ta KSCHMA. A 2022 Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da inshorar lafiya wajibi, da asusu na musamman don masu ƙaramin ƙarfi. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, alhali asibitocin matakin farko su ne mafi kusa da ciyaman da kansila. Dokoki kam ba mu rasa ba. Mai bibiya muka rasa, kuma bibiya aikin kwamitin lafiya ne na majalisa, wanda ke da ikon kiran kwamishina ya zo da takardu ya yi bayani a bainar jama'a.

Mu ma da namu laifin. Akwai kwamitin raya mazaɓa da aka tsara ya sa ido kan asibitin matakin farko, har shugabansa kan sa hannu kafin a fitar da kuɗi daga asusun asibitin. Namu na nema, sai na tarar rabin 'yan kwamitin ba su san suna ciki ba. Majalisar jiha kan kira zaman jin ra'ayin jama'a kan kasafi. Mu da muke cika sashen sharhi da zagi, kujerunmu a can ƙura suke sha.

Makon jiya muka zauna bayan sallar isha'i, ni da mai unguwa da liman da shugabar ƙungiyar matan unguwa, muka rubuta wa onorabul takarda. Ba mu roƙi shinkafa ba, ba mu roƙi ƙarin ɗaki ba. Mun tambaye shi ko asibitinmu yana cikin waɗanda asusun BHCPF ke biya, in yana ciki nawa ya shigo bana kuma me aka saya, da ranar da za a ba yarinyar nan takardar ɗaukar aiki. Mai unguwa ya ce a ƙara maganar batirin sola, aka ƙara. Ranar Litinin za mu kai ofishin mazaɓa, kuma na ce a yi kwafi biyu, a buga mana hatimi a ɗaya mu dawo da shi.