Daren da na goge rasiɗaina da dutsen guga

Shekara 9 ina gudanar da 'yar sana'ata ta gyaran wayoyi, kuma a tsawon wannan lokaci tsarin ajiyar bayanaina bai wuce kwali guda ba. Duk rasiɗin da ya shigo hannuna, na saye ne ko na sayarwa, cikinsa nake jefawa, idan ƙarshen shekara ya zo in kinkima in kai wa akanta, shi kuma ya karɓa da fuskar wanda aka miƙa wa sammaci.

Ana haka sai ga sanarwa daga hukumar haraji cewa daga yanzu wajibi ne a riƙa ajiye bayanan ciniki a na'ura, kowace shiga da kowace fita da ranarta da adadinta da rukuninta, sannan a aika taƙaitaccen rahoto duk bayan wata uku ta manhajar da hukuma ta amince da ita. Da na kai ƙorafi wurin akanta, sai ya ce abin ba a kaina aka fara ba. Italiya ta wajabta wa 'yan kasuwarta rasiɗin lantarki tun Janairun 2019, Birtaniya kuma ta fara da manyan masu biyan harajin VAT a Afrilun 2019, ta haɗa da sauransu a 2022. Ya ƙara da cewa a Birtaniya ko kwafe lamba daga wata manhaja a liƙa a wata ba a yarda da shi ba, sai dai manhajojin su miƙa wa juna bayanan kai tsaye, domin wurin kwafe da hannu ne kuskure ke samun ƙofa. Ya nemi in bar masa aikin in biya lada, ni kuwa na ce mutumin da ke buɗe cikin waya ya sauya mata ƙwaƙwalwa ba zai biya wani don ya cike masa gurabe a kwamfuta ba.

Ban buɗe kwalin ba sai daren da wa'adi zai cika da ƙarfe 12.

Abin da na fara tararwa shi ne tarin takardu farare sol, kamar ba a taɓa rubuta komai a kansu ba. Ashe irin rasiɗin nan mai santsi da ƙananan na'urori ke fitarwa ba da tawada ake buga shi ba. Wani sinadari ne aka shafe takardar da shi, wanda ke yin baƙi a duk inda zafi ya taɓa, kuma haske da ɗumi da daɗewa suna dusar da rubutun har ya ɓace. Wannan bayani na karanta shi a daren, na kuma fahimci rabinsa, wato rabin da ya ce zafi ne ke fito da rubutu. Saboda haka na jona dutsen guga, na jera rasiɗai kusan 40 a kan teburi a tsanake, na bi ta kansu sau ɗaya kamar mai goge wuyan riga. Rubutu kam ya fito, sai dai ya fito a ko'ina lokaci guda, domin kowace takarda ta koma baƙa ƙirin daga sama har ƙasa, har da waɗanda a da ake iya karanta rabinsu. Garin neman gira na rasa ido.

Uwargida ta leƙo saboda ƙauri, ta dubi teburin, ta dube ni, ta ce, "Maigida, shekara nawa ina roƙonka ka taya ni gugar kayan yara, ashe takarda ce mai gata a gidan nan."

Ban tanka ba, na koma kan waɗanda suka tsira na fara shigar da su cikin jadawalin kwamfuta, wanda shi ma ya zo da nasa ra'ayin. Lambar shaidar harajin wani dilana ta fara da sifili, jadawalin ya ga sifilin ba shi da amfani ya share shi. Wata lambar rasiɗi ta haura lambobi 15, ya mayar da na ƙarshenta sifili ba tare da ya shawarce ni ba. Wani kayan gyara mai lamba 3-4 kuwa ya zama kwanan wata, har yau ban tantance ko 3 ga Afrilu yake nufi ko 4 ga Maris ba. Maganin duk wannan, kamar yadda na sani daga baya, shi ne a gaya masa tun farko cewa gurbin na rubutu ne, ba na lissafi ba.

Saura minti 20 na shiga kwafe jimloli da hannu daga jadawalin zuwa manhajar hukuma, wato daidai abin da akanta ya gargaɗe ni a kai. Manhajar ta fito da wani jan rubutu tana tambaya ko na tabbata da adadin da na sa a gurbin kuɗin da na kashe. Na danna "Na tabbata" ban karanta ba, yadda na saba danna duk abin da ya tare mini hanya a kwamfuta. Rahoto ya tafi da ƙarfe 11:52, na kwanta ina jin kaina gwani.

Da sassafe akanta ya kira. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, ina taya ka murna. Jirgin sama ka saya wa sana'ar, ko matatar mai?" Ashe lambar wayar dilan nan na kwafa na zuba a gurbin kashe kuɗi, ta yadda a idon hukuma ni mai gyaran waya ne da ya tafka asarar da ta isa ta girgiza banki cikin wata uku kacal.

Ya kwantar mini da hankali cewa ana iya gyara rahoton da aka aika, kuma gara mutum ya gyara da kansa tun kafin a tambaye shi, amma kowane adadi sai an jingina shi da hujja, hujjar kuma a ajiye ta shekaru, a wasu ƙasashen har 6. Ya ce in kawo masa ainihin rasiɗan. Na kai masa su a ambulan, wanda uwargida ta riga ta rubuta wa "Na guga" a baya. Ya zaro ɗaya, ya ɗaga shi saitin taga, ya juya shi gaba da baya, ya daɗe bai ce komai ba.

Mako biyu muka yi muna bin bayanan banki layi-layi, ina kiran dillalai ɗaya bayan ɗaya ina roƙon kwafin abin da suka riga suka ba ni, kowanne kuma sai ya tambayi inda na farko ya shiga. Ladan akanta ya ninka wanda na ƙi biya tun farko. Da na tambaye shi ko wannan ladan zai shiga cikin kuɗin da sana'a ta kashe, ya ce ƙwarai kuwa, muddin akwai rasiɗi, ya danna 'yar na'urarsa ta fito da takarda mai santsi. Ban tashi daga kujerar ba sai da na ɗauki hotonta sau uku. Ina bakin ƙofa ya kira ni ya ce, "Malam, wannan ba ta yamutse ba, a bar ta haka."