Fulawa mai tashi da kanta: ni dai na fi son in haɗa tawa

Jama'a, masu cewa biskit ɗin Amurka ya ƙi yi musu kyau sun yi yawa, kuma kusan kowa fulawa yake ɗora wa laifi. Ina nufin wannan mai laushi, mai hawa-hawa a ciki, wanda mutanen kudancin ƙasar Amurka ke ci da zafinsa da bota ko soyayyiyar kaza. Babu yis a cikinsa, babu jiran ya kumbura.

Ita fulawa mai tashi da kanta, wadda ake yawan yin wannan biskit da ita, ba wani abin al'ajabi ba ce. Wani mai gidan burodi a Bristol ta Ingila, Henry Jones, shi ya yi mata rajista a 1845. Fulawa ce da aka zuba wa bekin foda da gishiri tun daga kamfani. Matsalar ita ce bekin foda yana mutuwa idan ya daɗe, musamman a zafi da laima. Buhun da ya yi watanni a kan kanta a zafin Afrilu, wa ya san ƙarfin da ya rage masa? Ga tsada kuma. Shi ya sa nake haɗa tawa: kofi ɗaya na fulawa, cokalin shayi ɗaya da rabi na bekin foda, kwatan cokalin shayi na gishiri, a tankaɗe su tare. Shi ke nan.

Gaskiya ne mutanen kudancin ƙasar Amurka suna alfahari da fulawar White Lily, wadda aka fara niƙawa a Knoxville ta jihar Tennessee a 1883 daga alkama mai taushi. Tamu ta kasuwa yawanci ta burodi ce, tana da danƙo sosai. Za a iya ɗebe cokalin cin abinci biyu a kowane kofi a maye da garin sitacin masara, zai rage.

Amma babban abin da ke ɓata wa mutanenmu biskit, hannu ne. Mun saba da kwaɓin burodi da na cincin, a yi ta murza har sai ya yi sumul. Wannan kwaɓin ba ya son haka ko kaɗan. Da zarar ya haɗe jikinsa, ko da ya yi gudaji-gudaji, ki tsaya. Ki baje shi da tafin hannu, ki ninke, ki sake ninkewa, ki yanka da bakin kofi, ki danna tsaye kada ki murɗa, don murɗawa tana liƙe gefen ya kasa tashi.

Bota kuma dole ta zama da sanyi ƙarara. Ni daga firiza nake ciro ta in goge ta da abin goga kuɓewa kai tsaye cikin garin. Waɗannan 'yan gutsattsarin su ke narkewa a wuta, tururinsu ya ɗaga kwaɓin hawa-hawa. Idan ta narke tun a hannunki, to dutse za ki gasa. Ranar da babu wuta firji ya huce, ki haƙura ki yi fanke.

Madarar da Amurkawa suke kwaɓawa da ita mai tsami ce, kuma nonon da aka kaɗe aka cire mansa yana yin aikin daidai, in dai mai sanyi ne ba a tsinka shi da ruwa ba. Oban ya yi zafi sosai kafin a saka, digiri 220, minti 12 zuwa 15. Ki jera su suna taɓa juna a faranti, sun fi tashi sama.